Fil a Bakin Tela

Zuwa ga Uwargida,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya mai jego da jaririn? Allah Ya raya mana shi.

Ba na son tayar miki da hankali, amma leɓɓan nan nawa sun ƙi. Sun kumbura, sun tsattsage, ga ƙaiƙayi. Na canza man goge baki, na daina shafa man leɓe, duk a banza. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shago. Mata sun koma miƙo yadi daga bakin ƙofa, gani suke ciwon ana ɗaukarsa. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba, har na fara tunanin rufe shagon.

Autarki ce ta hana. Tun da ta fara aikin jinya a asibiti ta zama uwata. Ta tasa ni gaba zuwa wurin likitan fata, aka manna mini ƙananan filasta a gadon baya, kowacce da abin da ake zargi: turare, roba, rini, ƙarfe. An ce kada ruwa ko gumi ya taɓa wurin sai an cire. Ga ni nan a gaban fanka, ko jingina ba na yi.

Mijinki,
Baban yara

Zuwa ga Uwargida,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, albishirinki.

An cire filastan. Wuri ɗaya ne ya yi ja ya tashi, na wani ƙarfe da ake kira nikel. Likita ta tambaya wane ƙarfe ke taɓa bakina, na rantse mata babu. Sai Auta ta ce in nuna yadda nake gwada wa mutum riga. Ina kai hannu baki na gane. Fil ɗin da nake jerawa a leɓe tun ina yaron shago! Ni ban taɓa ɗaukarsu ƙarfe ba, kayan aiki ne kawai. Likitar ta yaba wa 'yarki a gabana, kaina ya yi girma har na manta da ƙaiƙayi.

Auta ta ɗinka mini ɗan matashi na ɗaurawa a wuyan hannu, can nake soke su yanzu. Ɗinkin a karkace yake, amma ban gyara ba. Baki ya warke sumul, shago ya cika, mata har rigimar kujera suke yi.

Matsala ɗaya ce: da bakin ya zama babu komai a ciki, sai ga ni da surutu. Ke da kike cewa kin auri kurma, ki shirya. Jiya ina yanka yadi na ce wa Auta ina alfahari da ita. Ta tsaya tana kallona, ta ce ba ta taɓa jin na faɗa ba, sai ga hawaye. Ni ma na juya ina neman almakashi, alhali yana hannuna.

Ki gaida kowa da kowa.

Mijinki,
Baban yara