Kafin Jarida Ta Buga Sunaye

Zuwa ga Kozue, sanyin idanuna, farin watan zuciyata, ruwan daɗin da Allah Ya ɓoye mini a tsibirin da ruwan gishiri ya kewaye ta kowace kusurwa.

Gaisuwa mai yawa, irin wadda ba na iya yi miki a ɗakin malamai. Can sai dai in sunkuyar da kai in ce, "Ina kwana, Malama Hamasaki," ki amsa ba tare da kin ɗago ba, kowa ya kama aikinsa, kamar ba ni ne na san yadda kike dariya har ki riƙe ciki idan mun je bayan tsibiri inda babu idon ɗalibi ba. Shekara biyu muna wannan ɓuya. Yau na gaji, kuma tsoro nake ji, Kozue. Tsoro ne ya zaunar da ni da safiyar Asabar ɗin nan, shayi ya huce a gabana. Gobe idan kin zo horar da 'yan ƙwallon tebur za ki tarar da wasiƙar nan a cikin akwatin da kike ajiye takalmi a bakin ƙofar makaranta, kamar yadda 'yan aji biyu suke yi wa junansu. Ki yi mini dariya, na yarda, amma ki karanta har ƙarshe.

Tun ranar Alhamis ta makon jiya ban ƙara jin ɗanɗanon abinci ba. Ina zaune ina yanka katunan darasi, shugaban makaranta ya leƙo ya ce, "Malama Hamasaki, ɗan zo mana." Malamai goma sha huɗu, kowa ya dasa ido a kan abin da ke gabansa, domin wa bai san ma'anar kiran watan Maris ba? Hukuma takan turo malami tsibiri ya yi shekara uku zuwa biyar, sannan ta mayar da shi tsallaken teku, ke kuwa taki ta huɗu ce ke ƙarewa. Kika shiga, aka rufe ƙofa. Da kika fito na bi fuskarki da kallo kamar manomin da ke duban gabas a ƙarshen bazara, ban ga hadari ba, ban ga rana ba. Kika ja kujera, kika ɗauki jan alƙalami, kika ci gaba da duba jarrabawa.

Na san doka. Wanda aka kira sai ya kama bakinsa har ranar da jarida za ta buga sunayen malaman da aka canja wa wuri, wato Juma'a mai zuwa. Na kuma san ki, ke da ba kya tsallaka titi sai fitila ta ba ki hannu, ko da babu mota ko ɗaya daga nan har bakin teku. Ban tambaye ki ba, ba kuma zan tambaye ki ba. Amma wayyo, ya kurciyata, kin san tsawon kwana tara kuwa? Kin san yadda mutum yake zama daf da masoyiyarsa daga safe har yamma, tebur yana kallon tebur, amsar da yake nema tana cikin ƙirjinta, ba shi da ikon cewa uffan?

Ni dai mataimaki ne a darasin Turanci, baƙon da aka ɗauko ya tsaya kusa da ke a gaban allo. Ki ce, "Ku maimaita bayan Malam Tukur," in buɗe baki kamar rediyo, yara su amsa. Shekara shida ke nan, na saba da zama na ƙarshen jin labari. Ni ne na shigo da rigar motsa jiki ranar da kowa ya sha baƙin kwat don ɗaukar hoto. Ni ne nakan kwashi katuna in hau bene in tarar da aji wayam, ashe an soke darasin tun taron safe, aka manta da ni. Duk waɗannan na yi musu dariya, ke ma kin taya ni. Wannan karon dariyar ta ƙi zuwa.

Kin tuna guguwar shekararki ta biyu? Jirgin ruwa ya yi kwana biyar bai zo ba, kanti ya koma babu burodi babu madara. Aka sallami yara, mu malamai aka ce mu zo mu tsare makaranta. Ni da ke aka ba mu barandar bene mu tsane ruwan da iska ta turo ta ƙarƙashin tagogi. Muna durƙushe da tsummokara, rufi yana kuka kamar zai tashi, cikina ya yi ƙara har ya rinjayi iskar. Kika juya baya kika yi dariyarki, sannan kika ciro curin shinkafa daga jaka kika miƙo mini, kika ce, "Ci, babu alade. Da hannuna na yi." A ranar na gane ko wane ne yake ajiye mini jadawalin abincin makaranta a farkon kowane wata, an zagaye ranakun da ba zan iya ci ba da jan fensir. Ashe ke ce, tun zuwanki, ba ki taɓa faɗa ba. Ya farin fure mai fitowa a tsagar dutse, ta yaya mutum zai ci wannan shinkafar ya koma yadda yake? Takardun nan duk suna nan, ban yar da ko ɗaya ba.

Ranar Litinin Malam Nagayoshi, mataimakin shugaba, ya dire kwali a kan teburina, cike da zaren takarda launi-launi. Ya ce, "Malam Tukur, tunda jarrabawa ta ƙare ka fi kowa hutu, ga aiki. Ƙulli huɗu za ka yi mana, na ranar rakiyar malaman da za su bar tsibiri." Na ce, "Na su wane ne, ranka ya daɗe?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Shekara shida, har yanzu kana tambayar abin da ba a tambaya?" Uku na san su. Shugaba zai yi ritaya, malamin lissafi ya riga ya rabar da kayan kamun kifinsa, malamar jinya kuwa bakinta ya ƙi rufuwa don murna. Saura ɗaya. Na zauna ina naɗe na huɗun a gaban idonki, ja da shuɗi da rawaya, yatsuna suna kuskure, ke kina shigar da sakamakon yara ko gezau.

Sau biyar ina tsayawa a bakin tasha ranar rakiya. Malami yana can saman jirgi riƙe da bakin zare, yara suna ƙasa kowa da nasa bakin, ana busa, ana waƙar makaranta. Jirgi ya yi ƙara ya fara ja da baya, zare yana warwarewa, yana miƙewa, ya yi tsawo har ya gaji ya tsinke, iska ta kwashe shi ta zuba a ruwa. Kowace shekara nakan share 'yar ƙwalla in wuce in ci taliya. Bana fa? In tsaya cikin 'yan aji uku da guntun takarda a hannu, ina sunkuyar da kai ina cewa "mun gode da wahala," alhali raina ne jirgin yake ja? Wallahi ba zan iya ba.

Laraba na shiga kantin Inna Fumie sayen ƙwai. Tsohuwar nan ba ta bari na ajiye kwando ba ta ce, "Ɗan nan, malamar Turancinku ta zo neman kwalaye jiya." Na ce, "Guda nawa, Inna?" Ta ce, "Ji shi, sai ka ce ɗan sanda! Biyu ne. Wa ka taɓa gani ya yi ƙaura da kwali biyu? Ko da yake ita ba ta da tarkace, ba kamar ku maza ba." Ta bushe da dariya ta ƙara mini lemo biyu kyauta. Na fito ban san ko ta kwantar mini da hankali ba ne ko ta ƙarasa ni.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ni ba a canja mini wuri, hukumar ilimi ta tsibirin nan ce ta ɗauke ni, shekara-shekara. Kowane Maris a kawo mini takarda mai gida biyu, zan ƙara shekara ko ba zan ƙara ba, in zaɓa in buga hatimi. Tawa jibi Litinin za a aika da ita, kwana huɗu kafin jarida ta fito. Wane irin tsari ne wannan, a ce wa makaho ya zaɓi hanya kafin a kunna fitila ga masu ido? Na lissafa kiran shugaba, na lissafa ƙulli na huɗu, na lissafa kwalaye, na ce tafiya za ki yi. Jiya bayan an gama shara na zagaye gidan da ke cewa ba zan ƙara ba, na buga hatimina, na kai wa Malam Nagayoshi. Niyyata in tsallaka teku a bayanki in nemi wani aikin kusa da duk inda aka kai ki.

Ya karanta, ya cire tabarau, ya daɗe yana murza idanu. Sannan ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ka yi shawara da ita kuwa?" Na ce, "Da wa, ranka ya daɗe?" Ya ce, "Haba, Malam Tukur. Tsibiri ne fa. Har direban motar makaranta ya sani." Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Ya ja aljihun tebur ya saka takardar, ya ce, "Mai karɓar abin da aka gaya masa sau ɗaya yake shiga ofishin shugaba. Akwai wadda ta shiga sau biyu. Ni ban ce komai ba fa. Takardarka tana nan har ƙarfe takwas na safiyar Litinin, ko da za ka tuna ka yi kuskuren rubutu."

Sau biyu, Kozue! Yaushe kika koma? Me kika je roƙo? Tun jiya nake juya wannan magana, kowane gefe na juya sai ya yanke ni. Idan roƙo kika yi a bar ki ki ƙara shekara a nan saboda ni, to na yanke igiyar da nake tsaye a kanta da hannuna. Ƙarshen wata zan miƙa makullin gida, a kawo wani baƙon ya tsaya kusa da ke a gaban allo, izinin zamana a ƙasar nan kuma ba zai daɗe ba idan babu aiki. In kuwa roƙon da kika yi na a kai ki kusa da mahaifiyarki ne, wadda kika ce ƙafa ta fara gagarar ta, na je na janye takardata na zauna, to tsakanina da ke tafiyar awa goma sha ɗaya ce a ruwa, ranar da teku ya ga dama. Ta nan rami, ta can rami, ya tauraruwar asubahina, kuma ke kaɗai ce ke ganin inda zan taka.

Amma bari in daina yi wa kaina ƙarya. Ba jarida ce ta fi ba ni tsoro ba, ba kuma takarda ba. Shekara biyu muna tafiya a bakin ruwa, mun yi hirar yara, mun yi hirar kifi, na ba ki labarin damina a garinmu har kin ce kina jin ƙamshin ƙasar, amma ko sau ɗaya ban tambaye ki abin da zai biyo bayan tsibiri ba. Na ji tsoron ki sunkuyar da kai cikin ladabi ki ce, "Abin yana da ɗan wuya," ni kuwa na daɗe a ƙasar nan, na san a'a ake nufi da haka. Shi ya sa na gwammace in jefar da aikina a ɓoye da in buɗe baki. Ragon namiji ke nan, ga shi na faɗa da kaina.

Ba na neman ki karya doka. Riƙe sunan makarantar, riƙe ranar, riƙe duk abin da shugaba ya gaya miki a bayan ƙofa, na hukuma ne. Akwai tambaya ɗaya da babu hukumar da ta hana ki amsawa, ita ce wadda na kasa yi. Kozue, kina so na a inda za ki kasance? Za ki aure ni, da baƙuntata, da sallata, da tsorona?

In kin ce e, ba sai kin ƙara kalma ba. Takardar ta tafi ko ta dawo, a tsibiri ko a tsallake, zan nemi hanyar da za ta kawo ni ƙofarki ko da shekara za ta ci. In kuma a'a ce, ki faɗa mini ita a fili, kada ki naɗe ta cikin ladabi, domin zan iya ɗaukar ciwo amma na kasa ɗaukar jira. Gobe daga azahar ina gida, ba zan fita ko'ina ba, kunnena yana kan ƙofa.

Ni ne naki tun kafin ki amsa, naki kuma ko wace amsa kika bayar, har ranar da numfashi zai bar ƙirjin nan mai rawa.

Tukur