Iya Ba Ta Faɗin Sunan Wanda Ya Haƙa Rijiyar

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki sa sunana.

Ni yarinya ce daga wani ƙauye a gefen Minjibir. Bara na gama firamare. Ba ni da surutu, ko malam ne ya kira ni a aji sai in ji kamar in nutse. Wannan ma da wayar yayana nake rubutawa.

A garinmu muna da abin da muke kira rediyo. Ba rediyo ba ne sosai. Lasifika ce a kan shagon Malam Iliyasu, da janareto. Ranar kasuwa ake kunnawa, sannan a tura wa mutanenmu na birni ta waya. Da, cigiyar awaki da sanarwar rasuwa kawai ake yi. Bana Malam Iliyasu ya ce tsofaffi suna ƙarewa, a fara ɗaukar maganarsu. Da yake maza ba sa shiga gida, aka ba ni waya in riƙa ɗaukar kakata, Iya Tahira. Aikina in danna in yi shiru. Na iya wannan.

Alhaji Nababa mai sayar da taki shi ke sayen man janareto. Ana faɗin sunansa da na takinsa kafin shirin da bayansa.

Iya ta ba da labarin tsohuwar rijiyar gindin kuka, wadda aka haƙa shekarar da fari ya kashe shanu. Ta faɗi yadda aka yi ta cin karo da dutse, kowa ya gaji, mutum ɗaya ya ƙi bari. Ƙasa ta rufta masa har ƙirji, aka jawo shi da igiya, washegari ya koma. Mutumin nan kakana ne, Malam Sha'aban, Allah ya ji ƙansa. To amma Iya ba ta faɗin sunan mijinta. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa faɗa ba, rasuwarsa ma ba ta sa ta fara ba. Ko watan Sha'aban, watan sha ruwan tsofaffi take ce masa. A labarin gaba ɗaya wannan bawan Allah ta yi ta cewa.

Da aka sa a lasifika, Alhaji Nababa ya yi hawaye a bakin shagonsa, ya ce ai wannan bawan Allah mahaifinsa ne. Ya ƙara mai, ya sayo sabuwar lasifika, ya sa an yi wa rijiyar siminti. Yanzu yara suna ce mata rijiyar baban Alhaji.

Na gaya wa Malam Iliyasu kakana ne ake nufi, ina kallon ƙasa. Ya ce ya sani, amma janareto fetur yake sha, kuma akwai tsofaffin da ba a ɗauka ba, ɗaya ma ya rasu da azumi. Na roƙi Iya ta faɗi sunan sau ɗaya. Ta ce in tashi in ba akuya dusa. Babana ya ce a bar wa Allah.

Anti, in na yi magana shirin zai tsaya. In na yi shiru, Iya ba ta da lafiya sosai, kuma bayanta ba wanda ya ga haƙar. Ni ban taɓa magana a wayar ba, sai tari ɗaya da na yi, shi ma aka gane ni a kasuwa, har na daina zuwa ɗiban ruwa. Yaya zan yi?

Taki, Jikar Iya

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata.

Da farko ki ƙyale Iya. Wannan kunyar ita ce girman da take ba mijinta, ba waya ce za ta raba ta da ita ba. Malam Iliyasu ma ba ƙin gaskiya yake ba, tsoron kada lasifika ta yi shiru yake.

Alhaji kuwa ba lallai ƙarya yake ba. Mutum ɗaya ba ya haƙa rijiya, wani yana ciki, wani yana sama yana jan ƙasa. Wa ya riƙe igiyar ranar da ƙasa ta rufta? Ki tambayi Iya abin da mahaifin Alhaji ya yi. Shi dai ba mijinta ba ne, za ta faɗi sunansa. In ya yi wani abu, a ba shi nasa. In bai yi ba, kada a ƙirƙira masa.

In kin ɗauka, babanki da Malam Iliyasu su kai wa Alhaji har gida ya saurara. Kada ya fara ji a tsakiyar kasuwa, babba ya fi haƙuri a zaurensa. In duk da haka ya janye mansa, lokacin girbi yana tafe. Kowane gida ya ba da tiyar gero a sayi mai, mutanenku na birni da ke saurare su ma su sa hannu. Lasifikar da mutum ɗaya yake ciyarwa, muryarsa take koya. Kuma a ajiye maganar Iya a waya fiye da ɗaya.

Saura ke. Jika ba ta kunyar sunan kakanta, don haka ke za ki faɗa. Ki danna wayar a gaban Iya, ki ce Malam Sha'aban ne ya shiga rijiyar, in ba haka ba ne Iya ta gyara. In ta ce ki tashi ki ba akuya dusa, kada ki goge. Duk matar da ke garinku ta san ma'anarsa, wato ba ta musa ba.

Tarinki dai an riga an ji, ba ki mutu ba. Allah ya ba Iya lafiya, ya ji ƙan Malam Sha'aban, ke kuma ya buɗe miki baki.

Anti Rahmatu