Kada Ku Ɗaga Suna Saboda Ni

Jidda, Nuwamba 1980

Zuwa ga 'yata Asabe, Sharaɗa.

Bayan gaisuwa, yaya jikinki da jaririyar? Yaya mijinki Idrisu da aikin masaƙa?

Sau uku ana soke jirginmu na dawowa. Kamfanin ya ba mu bargo da takardar abinci, wai diyyarmu ke nan. Lafiyata ƙalau, sai ɗan tari da kwanan siminti. Ni nake rubuta wa alhazai takardar koke, yana rage mini kewa.

Saƙon waya na mijinki ya iso, wai za ku ɗaga suna sai na dawo. Kada ku yi. A sa mata Sauda, sunan marigayiya mahaifiyarki. Allah ya raya ta. Ku ajiye mini goro ɗaya, ko ya bushe zan ci.

Mahaifinki,
Malam Bala