Ƙaramin Filin Jirgi Na Zaɓa

Ƙanwata,

Shekaruna saba'in da shida, kuma ba na neman tausayin kowa, har ke. Ina gaishe ki da Malam da jikoki. Yaya ƙafar taki? Ni lafiya lau, aikin idon da ya kawo ni wurin ɗana ya yi kyau.

Komawa gida ta matso, kuma dole a sauya jirgi a hanya. Filayen jirgi biyu ne. Ɗaya makeke, jiransa kaɗan; shi ɗana yake so, wai a tura ni a keken marasa lafiya kamar kaya. Ɗayan ƙarami, amma sai na wuni a zaune.

Ta makeken na zo. Abin da ban gaya masa ba shi ne, ina tsaye gaban allon jirage, sunan garin da zan je ya ɓace mini ƙaf. Ni da na karantar da labarin ƙasa! Na riƙe jakata, na tsaya a wurin har Allah ya dawo mini da shi. Idan abin ya sake faruwa ɗana ya ji, ba zai bar ni in zauna ni kaɗai a gidana ba.

Ƙaramin kuwa, an ce zaure ɗaya ne. Ko na manta, ƙofar jirgina tana gabana.

Ki sa a share mini ɗaki, ki taya ni addu'a, ki kama bakinki. Jiya na taka da ƙafata wurin mai sayar da tikiti, na sauya zuwa ƙaramin. Ɗana na tsammanin taurin kai ne kawai, na bar shi a haka.

Yayarki