Inna, Na Mayar Musu da Hatiminsu

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwarsa, ina roƙon Allah ya sa wannan sallama ta tarar da ke cikin rahama da yalwar makwanci. Shekara tara ke nan da aka rufe ki a ƙauyenmu na bayan Zurmi, ban taɓa rubuta miki ko layi ɗaya ba. Da ranki ma ba karatun boko kike yi ba, balle yanzu. Amma wata magana ce ta tsaya mini a rai, na rasa wanda zan fara faɗa wa sai ke.

Na gaji, Inna. Ba irin gajiyar da ake warwarewa da barci da man zafi ba.

Kin bar duniya ba ki gama gane aikina ba. In mata suka tambaye ki me ɗanki yake yi a ƙasar Larabawa, sai ki ce, "Bakanike na, sai dai motatai bisa taka tahiya." Ba ki yi ƙarya ba. Idan injin jirgin sama ya yi aiki ya gaji, sai a kwance shi daga jikin fiffike a kawo mana. Wasu su wargaza shi, wasu su wanke, wasu su mayar. Ni kuwa na daɗe da barin ɗaure noti, kallo ne aikina. Akwai wata siririyar waya mai kyamara a baki, ita nake zurawa cikin injin, in zauna gaban allo ina bin ƙananan fuka-fukan ƙarfen da ke juyawa cikin wuta, ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya da gindi. Tsaga nake nema, wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba. In ban ga komai ba sai in ɗauko hatimina mai lambata in buga a takarda. Wannan bugun shi ke cewa a mayar da injin, a loda mutane, a tashi. Shekara ashirin da uku ina wannan zaman.

Turawa sun koya mini sunayen abubuwa, amma kallon a gabanki na koye shi.

Ina tuna ki a zauren gidanmu na Ƙaura da hantsi, kin miƙe ƙafa, faifai a cinya, kina tsince waken da za ki dafa wa matafiya. Direbobin Shinkafi da na Zurmi sukan wuce masu abinci uku su zo rumfarki a tasha, domin an san wake da shinkafar Inna ana cin sa ido rufe. In na taya ki tsinta na yi gaggawa, sai ki jawo faifaina ki sake bi daga farko, ki ajiye mini tsakuwa biyu a tafin hannu. Ba kya faɗa. Ai gara a ce kin yi faɗan.

Sai yanar ido ta fara rufe miki gani. A gida muka fara ji, a haƙori. Yau mutum ɗaya ya tauna tsakuwa, gobe biyu. Mu kalli juna a bakin kwano, kowa ya juya ta da harshe ya fitar da dabara ya ɓoye a ƙarƙashin tabarma. Yaya Hajo ta so ta karɓi tsintar, kika ce hannunta bai nuna ba, ta bar miki faifan. Wa zai dubi idonki ya ce ba kya gani?

Ranar da turmin haƙorin Baba ya tsage a kan loma, ya dafe kunci hawaye na zuba, kika tambaye shi lafiya, sai ya ce dama tsutsa ta daɗe da cinye haƙorin. Allah ya jiƙan Baba, mutumin da ko ƙaryar wasa ba ya yi. Direbobin tasha su ma ba wanda ya ce uffan. Ragewa kawai suka yi, ɗaya-ɗaya, har tukunyar da ke ƙarewa kafin azahar ta koma kaiwa la'asar. Ke kuma kina ta cewa kasuwa ce ta lalace.

Kusan shekara biyu muna wannan kara. Maman Rifkatu ce ta fasa ƙwan, maƙwabciyarmu 'yar Kafancan wadda mijinta ke aikin reluwe. Ta saya ta ci, ta dawo da tsakuwa a hannu, ta faɗa miki gaskiya a gabanmu, ta ce gobe ki shirya ta raka ki asibiti. Mu duka muka ji haushinta, muka ce ba ta da kunya. Ke kuwa ba ita kika juyo wa ba, mu kika juyo wa. Ban taɓa ganin ɓacin ranki irin na ranar ba. Kika ce, "Ashe duwatsu nika ba mutane, kuna kallo? Wanda yab bak ka cikin kure don kunya, ba kai yaka so ba, kainai yaka so." Da aka kai ki Sakkwato an kankare na dama ya buɗe. Na hagu likita ya ce mun makara.

To Inna, abin ya zo kaina.

Akwai abokin aikina Tasfaye, mutumin Habasha, sa'ana ne, mun fi shekara goma teburinmu na kallon juna. Wasu ayyukan doka ta ce sai mutum biyu sun duba, in na gama shi ya bi baya. Bara ya kira ni gefe ya nuna mini wata tsaga a gindin wani fiffiken cikin injin, can a kusurwar allo, wadda na wuce. Ya ce hasken allona ne ya yi rauni, ya sa aka canza mini sabo. Bayan wata huɗu aka sake. Wannan karon bai ma kira ni ba, ya rubuta ta kamar tare muka gani, ya kawo mini shayi. Da na ɗago na dubi fuskarsa sai na ga na san wannan fuskar. Irinta muka riƙa yi miki a bakin kwano.

Na je asibiti a ɓoye, ba na kamfani ba. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cina ban sani ba. Ba ya ciwo, ba ya ja. Daga gefe yake farawa yana matsowa, tsakiya kuwa tas. Ya ba ni magani na ɗigawa, ya ce zai rage masa gudu, amma abin da ya tafi ya tafi.

Ga inda shaiɗan ya samu wurin zama. Duk shekara kamfani na gwada mana ido, a ba ka ƙananan haruffa ka karanta. Haruffa kuwa da tsakiyar ido ake karanta su. Na shiga na karanta har layin ƙarshe, ma'aikaciyar ta yaba, aka ba ni takardar lafiyar ido ta shekara guda cif. Babu wanda ya sani sai ni da likitan waje, sai Tasfaye da ke zato bai furta ba. Kuma ba kowane aiki ake dubawa sau biyu ba. Da yawa hatimina ne na farko, shi ne na ƙarshe.

Wata bakwai na yi ina riƙe da wannan takarda. Ina zama gaban allo ina juya kai kamar kaza, ina bin kowace kusurwa sau uku, aikin awa biyu ya koma na yini. In jirgi ya wuce ta saman masauƙinmu sai in tsaya da abin da nake yi har ƙararsa ta ɓace. Na rame, abokai suna cewa zafin garin ne.

Kada ki ce son aikin ne ya riƙe ni, ya daɗe da fita raina. Gidan Ƙaura ne. Ba ki ga abin da ya faru bayanki ba, kuma na gode wa Allah da ba ki gani ba. Ƙauyenmu ya watse, Inna. Mutanen daji sun hana noma, sun hana kwana. Kawu Ɗanjuma da iyalinsa, da matan marigayi Sani da 'ya'yansu, da gwaggo ta Katuru, duk suna gidanmu, har zauren da kike tsinta an kafa labule mutane na kwana. Yaya Hajo ce ke juya tukunyar, ni ne ke cika ta daga nan. Gonar Baba tana can ta zama daji, ko kabarinki ba mai iya zuwa ya share. In na ajiye aikin nan, ina zan koma, me zan tarar, me zan kai?

Na ma samo wa kaina wata hanya mai kyan gani. Na ce zan nemi ritaya in ce gida nake so, a yi mini walima, a ba ni agogo, in tafi da sunana fes. Har na rubuta takardar. Abin da ya hana ni miƙa ta shi ne injunan da na riga na buga wa hatimi ni kaɗai tun da idon ya fara. Suna can a jikin jirage suna yawo da 'ya'yan mutane. In na fita shiru, babu mai sake leƙa cikinsu sai lokacinsu ya yi.

Ranar Litinin ta makon jiya na shiga ofishin manaja da takardar likitan waje. Na ajiye masa ita, na ɗora hatimina a kai, na ce a binciko duk aikin da na duba ni kaɗai cikin shekara ɗaya da rabi a sake dubawa. Ya ɗauki takardar ya karanta. Bai yi faɗa ba, ya ma yi mini godiya, amma na ga lokacin da na tashi daga gwani na koma matsala a idonsa. Ya jefa hatimin a ambulan ya liƙe ya rubuta lambata a baya. Shekara ashirin da uku, ko minti biyar ba a yi ba.

Injuna goma sha ɗaya ne. An aika wa masu su. Zuwa yau an duba tara, takwas lafiya lau. Na taran an samu tsaga, ƙarama, a gefe, daidai inda ba na gani. An sauke shi. Da aka faɗa mini na shiga banɗaki na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka bugo mini rasuwarki, ban san ko na tsoro ba ne ko na godiya. Biyu sun rage, sai jibi za a samu damar tsayar da jiragen. Tasfaye ma an kira shi ya amsa tambayoyi saboda ni, ga shi yanzu ba ya iya haɗa ido da ni, ni ma haka.

Sun ce zan iya zama ɗakin ajiyar takardu zuwa ƙarshen kwantiragi, wata uku, daga nan sai gida. Ban ji na zama jarumi ba, Inna. Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka an ɗora mini wani a kafaɗa.

Saura abu ɗaya, shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ban faɗa wa Yaya Hajo ba. Sau uku muna waya tun ranar, tana ba ni labarin rufin ɗaki da ke yoyo da jikar Kawu da za a sa makaranta, ta ce ya aiki, in ce alhamdu lillahi. Na iya tsayawa gaban manaja, amma na kasa buɗe baki gaban 'yar'uwata. Shi ya sa na rubuto miki, kuma zan saka wasiƙar nan a intanet inda jama'a ke karantawa. Yaya ba ta duba waya, amma 'ya'yanta ba sa ajiye ta. Kafin la'asar wani zai zauna kusa da ita ya karanta mata. Na san ragwanci ne. Ki yafe mini, iyakar ƙarfin da ya rage mini ke nan.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinku ko da babu mai zuwa ziyara. Allah ya saka wa Maman Rifkatu da alheri duk inda take. Ya Allah, jirage biyun nan da ke sama da hatimina, ka riƙe su da ikonka har jibi, ka sauke kowa a gaban iyalinsa. Ka ba mutanen gidan Ƙaura abin da za su ci ta hanyar da ban sani ba. Ka sanyaya zuciyar Yaya Hajo kafin ta kira ni, ni kuma ka ba ni ƙarfin ɗauka idan wayar ta yi ƙara.

Wassalam.

Ɗanki mai kewarki,
Lawali