Littafin da Ka Zaɓa wa Baba

Zuwa ga yayana, Malam Abdu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ƙanwarka Hauwa ce ke rubuto maka, ko da yake na san babu mai kai takarda inda kake. Jikata ce ta fara koyarwa bana, ta zo tana kukan yaran ajinta sun ƙi karatu, na ce ta zauna in ba ta labarinka. Da na gama sai na tuna kai kanka ban taɓa gaya maka abin da na gani ba.

Ka tuna shekarun nan kafin 'yancin kai, kana koyarwa a elementare wajen Ƙofar Na'isa? Kana da akwatin ƙarfe cike da littattafai, kullum yana ɗaure a bayan kekenka. Ba ka ba yaro littafi sai ya karanta maka shafi guda. In ya yi ta tuntuɓe, sai ka karɓe ka ce, "Ba laifinka ba ne, wannan ya yi maka nauyi, ga wani." In kuwa ya zuba babu tsayawa, ka ce, "Kai, ai ka wuce wannan."

Baba dai bai ga komai a aikin nan naka ba. Shi malami ne, zaurenmu na Sheshe cike yake da masu ɗaukar fiƙihu tun da sassafe. Tun da ka shiga makarantar Midil ya daina doguwar magana da kai. Ka gaishe shi, ya amsa, shi ke nan.

A daminar da na dawo gida wankan jegon Sadiya, takardun boko sun fara yawa a unguwa, yau sanarwar rigakafin agana, gobe ta tsabtar kwata. Mutane su kawo wa Baba, don shi suka saba kai wa komai, sai ya jujjuya takarda ya ce a nemo ɗan makaranta. Abin ya ci masa rai. Bai gaya wa kowa ba ya tafi ajin manya a Zaitawa, yana zaton can ba a san shi ba. Aka miƙa masa littafin farko mai hoton kaza da akuya, aka ce ya biya "ba, be, bi". Ashe akwai wani mahauci a ajin da ke ɗaukar karatu a zaurenmu. Mutumin ya taso ya durƙusa yana gaisuwa, aji duka ya juyo. Baba ya ajiye littafin ya fito. Ya yi kwanaki ko abinci ba ya ci sosai.

Inna ce ta raɗa maka. Ka juye akwatinka a tabarma, ka yi ta ɗauka kana ajiyewa, har ka tsaya a kan wani ɗan siririn littafi na hukuncin alwala da salla, Hausa ce a rubutun boko.

Bayan la'asar ka shiga zaure ka durƙusa. Ina bayan ƙofa da Sadiya a goye. Na ji ka ce, "Baba, an bugo wannan ana ba yara, ni kuwa ban yarda da shi ba. Ina so a duba mini ko akwai gyara."

Na zaci zai kore ka. Can sai ya ce, "Karanta in ji."

Ka zauna gefensa, ka buɗe littafin a tsakaninku, kana karantawa a hankali, yatsanka a ƙarƙashin kowace kalma. Duk abin da ke ciki Baba ya haddace shi tun kafin a haife ka, kafin ka kai ƙarshen layi ya riga ya san abin da ke zuwa. Ba a jima ba na ji ya ce, "Tsaya. Ina inda aka ce niyya?" Ka nuna masa. "To, ruwa fa?" Ka nuna.

Haka kuka yi ta yi kullum. Ba ka taɓa kiran abin darasi ba, ko sau ɗaya.

Wata rana ka dawo daga makaranta, tun ba ka jingine keke ba ya ɗaga murya: "Ka gani! Sun sa wankin ƙafa kafin shafar kai!" Yatsansa na kan layin. Wannan shafin ba ku kai gare shi ba tukuna. Kai ka sani, shi ma ya sani, babu wanda ya faɗa. Na ga ka juya ka yi ta gyara igiyar akwati wadda ba ta kwance ba.

Daga nan ka kawo masa labarin wani da ya je hajji ta Sudan, hanyar da Baba ya bi da ƙafa yana saurayi. Ya fi na farko wuya, amma gardama da marubucin ta hana shi ajiyewa. Kafin kaka ta wuce yana karanta jarida a ƙofar gida, da tabarau a kan hanci.

Sai ɗalibansa suka ce su ma suna so. Ka san Baba, kai ɗan fari ne, bai taɓa kama sunanka ba, sai dai "wannan yaron". Ran nan, zaure cike da dattawa, na ji ya ce, "A kira mini Malam, ya zo da akwatinsa ya auna kowa."

Yaya, ni aka aika in kira ka. Na faɗa maka yadda ya faɗa, ka ce in maimaita. Na maimaita. Ka zauna a bakin gado ka daɗe, sannan ka tashi ka sa babbar rigarka ta Juma'a.

Duk inda aka ambaci malaman kirki a birnin nan, nakan gyara zama in ce yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Allah Ya jiƙanka, Ya jiƙan Baba da Inna. Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi. Ya sauƙaƙa maka tambaya yadda ka sauƙaƙa wa bayinsa karatu, Ya haɗa mu a Aljanna Firdausi. Amin.

Ƙanwarka mai alfahari da kai,
Hauwa