Inna ta ce sai na rantse kafin in shafa wa jirgina banish

Assalamu alaikum 'yan group. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma mai niyyar ce mini mahaukaci ya huta, na ji wannan a Yelwa har na ƙoshi.

Ni kafinta ne, kwale-kwale nake sassaƙawa a bakin ruwa, sana'ar da na gada wurin mahaifina. Shekarun nan ina haɗa ƙaramin jirgin sama na katako a bayan gidanmu, mai cin mutum ɗaya, a waya nake kallon yadda ake yi ina gwadawa. Gangar jiki ta tsaya, fukafukai sun haɗu, na goge komai da samfefa har hannuna ya yi kanta. Abin da ya rage yanzu shi ne banish, wato man da ke toshe katako kada ya sha danshi, kuma sai an shafa ciki da waje, shafi bisa shafi, a wuri mai rufi da babu ƙura. Mu da ke gefen tafki mun san abin da raɓa ke yi wa itace, in damina ta same shi haka zai kumbura, gam ya saki, wahalata ta tashi a banza. Ga hadari ya fara haɗuwa ta wajen Shanga.

Wurin da ya dace shi ne tsohon zauren Baba, makullin kuma yana hannun Inna. Da na roƙe ta sai ta ce za ta ba ni, amma sai na dafa Alƙur'ani na rantse ba zan taɓa tashi da jirgin ba, in gama shi in ajiye mutane su riƙa kallo. Baba a ruwa ya rasu, kwale-kwalensu ya kife suna dawowa daga Wara. Cewa ta yi, “Ruwa ya karɓe mini ubanka, ba zan ba iska kai ba.”

Yayana ya ja ni gefe wai in rantse kawai, daga baya in yi kaffara. Na ce masa ba zan yi wa Inna ƙarya da Alƙur'ani ba, kuma ba zan rantse a kan barin abin da na san zan aikata ba. Ban kashe ƙuruciyata don in sassaƙa abin da za a riƙa kallo ana ɗaukar hoto ba. Tun ranar ko gaisuwata a taƙaice take amsawa, amma kullum sai ta aiko mini da fura.

Wani abokina a Ngaski ya ce in kawo jirgin shagonsa, har mota ya samo mini. In na ɗauke shi na san ta gane amsata ke nan. Jirgin dai ba zan bari ba, kada ma wani ya ɓata bakinsa. Abin da nake tambaya, in loda shi da safe tana kallo, ko akwai maganar da ɗa zai gaya wa uwar da ta riga ta jira gawa a bakin ruwa sau ɗaya?